Aikin Dare a Incukalns

Ƙarfe biyu na dare. Allura ta ɗan sunkuya.
Na rubuta lambar a littafi, na sa hannu: Modris.
A waje dusar ƙanƙara ta binne tayoyin motata,
kogin Gauya ya yi ɓawo, ya yi gum kamar mai fushi.

Baƙo in ya zo nan, itatuwa zai gani,
da shinge, da bututai masu launin rawaya.
Ba zai san murfin tukunya yake takawa ba.
Can ƙasa, inda guga bai taɓa zuwa ba,
akwai dutsen yashi mai ƙofofi kamar soso,
yumɓu ya kife a kansa ya hana numfashi fita.
Nan muke ɗura iskar gas da bazara,
lokacin da ba mai nemanta,
mu jira watan da haƙora ke kaɗawa.

Uwata Dzidra ba ta gane aikina ba
sai ranar da na ce mata rumbu ne.
Ta ce, to, ka faɗi haka tun farko mana.
Ita ma tana da nata a ƙarƙashin ɗaki:
dankali buhu tara, kabeji cikin gishiri,
kwalaben zumar Ilmars maƙwabci.
Ta san irin sanyin da ke shigowa gida
in an murɗe famfo daga ƙetaren iyaka.
Wanda wutar murhunsa ke hannun wani, in ji ta,
da izini yake dafa shayi.

'Yata Zaiga a Riga take karatu.
Ran Lahadi ta ture faranti ta ce,
Baba, kana gadin abin da ke ƙona duniya.
Kogin nan, da can doki ke ratsa shi da amalanke,
bana ko kare sai ya yi shawara.
Na ce, asibitin da aka haife ki, da me aka ɗumama shi?
Ta ce, wannan tambayar jiya ce.
Muka ƙarasa abincin, cokula kaɗai ke magana.

Uku saura kwata. Allura ta ƙara sunkuyawa,
kaɗan, bai kai abin da ake tada mutane ba.
Ina iya shan kofina in bar wa na safe.
Na sa takalma.
Na cusa kwalbar ruwan sabulu cikin riga kada ya daskare.

Rijiya ta sha bakwai, bayan gonar Ilmars,
inda amyoyinsa ke barci a jere.
Na shafa kumfa a gaɓar ƙarfe.
Ta kumbura. Ta fashe. Ta sake kumbura.
Ɗan tsaki ne, sauro ma ya fi shi ƙara,
amma sama yake tafiya,
sama kuwa ba ta mantuwa.

Na rufe, na ɗaure, har yatsuna suka daina jin kansu.
Na tashi injiniya daga barci. Ya yi mita, ya taho.

Da gari ya waye, wata tsohuwa a hawa na biyar
za ta murɗa murhu, shuɗiyar wuta ta amsa.
Ba ta san sunana ba, ba kuma sai ta sani ba.
An ce fankokin iska na ƙaruwa a bakin teku.
Ranar da suka isa, a rufe rijiyoyin nan, ba zan yi kuka ba,
Ilmars ya yi min alkawarin amya biyu.
Amma ba a cike tsohuwar rijiya da ƙasa
sai sabuwa ta kawo ruwa,
kuma kafin nan, wani ya kwana yana kallon allura.

Na aika wa Zaiga hoton kumfar.
Na rubuta: kin yi gaskiya, tana tsiyaya. Na toshe.
Ta daɗe ba ta amsa ba.
Ina kankare gilashin mota waya ta yi ƙara:
Ka dai sa safar hannu ko?